Agadas da harshen da ya ɓace

Mu ƴan Adar muna da tsohuwar hulɗa da Agadas: daga gidan sarautarta Agabba ya fito ya ci ƙasarmu. Shi ya sa hutun bara na taso daga Tama, in ga hasumiyar masallacin nan ta laka, mita 27, ginin wajen 1515 da aka sabunta a 1844. Na gan ta, na ci cuku, na sha shayi har zagaye ukku.

Amma wani abu ya tsaya mini a rai. Barth, da ya zo a 1850, ya iske mutanen garin na magana da Emgedeshi, dangin Zabarmanci. Yau babu mai yin shi, Hausarmu ta haɗiye shi. Na tambayi tsohuwar da ta sauke ni ko ta taɓa jin shi.

Ta ce, "Wane iri, ɗana? Mu dai da Hausa munka tashi."