Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya: Kafuwarta da Hakkin Layukan da Aka Rufe

Layin dogo ya riga Najeriya haɗuwa. A 1898 Turawan mulkin mallaka suka fara shimfiɗa shi daga Legas, ya isa Ibadan a 1901. A Arewa kuma, gwamna Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan jirgin ƙasa ne, ya sa aka ja wani layin daga Baro, a bakin kogin Neja, har ya shiga Kano a 1911. A 1912 aka haɗe layukan biyu a ƙarƙashin hukuma guda, shekara biyu kafin a haɗe Kudu da Arewa. Manufar Turawa a fili take: a kwashi auduga da fatu da kuza zuwa bakin teku. Amma fataken Kano, irin su Alhasan Ɗantata, suka ga ribar tana wajen gyaɗa, kuma ita ce ta cika taragai har aka kai ga zamanin dalar gyaɗa.

Daga nan layin ya yi ta rassa. Na gabas ya tashi daga Fatakwal zuwa ma'adinan kwal na Inugu a 1916, daga baya ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da na yamma a Kaduna. Reshen Zariya zuwa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930. A 1955 aka yi dokar da ta mai da sashen reluwe na gwamnati hukuma mai cin gashin kanta, wato Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, kuma ita ce ta kai dogo Maiduguri a 1964. A lokacin tsawon layukan ya kai kusan kilomita 3,500, fasinjojin shekarar kuwa sun haura miliyan 11. Garuruwa kamar Funtua da Kafanchan da Nguru sun bunƙasa ne a gindin tasha, inda ɗan dako da mai abinci da ɗan tireda kowa ke samun na kansa.

Shekara goma bayan 1964, yawan fasinjoji ya faɗi ƙasa da miliyan 5. Yaƙin basasa ya lalata layin gabas, kuɗin man fetur ya karkata ga titunan mota, gyaɗa ta ja baya, sannan aka bar kawunan jirage da taragai suna mutuwa saboda rashin kayan gyara. An ɗauko kamfanin RITES na Indiya a 1979, al'amura suka ɗan farfaɗo, da suka tafi aka koma gidan jiya. Darasin da ke cikin wannan shi ne, rashin kula da abin da ke hannu ne ya durƙusar da hukumar, domin fasinja bai taɓa ƙarewa ba. Shaida ita ce yadda jama'a suka yi tururuwa lokacin da jirgin Legas zuwa Kano ya dawo aiki a Disambar 2012, duk da tafiyar tana cin fiye da kwana guda.

Akwai masu cewa tsohon layin ƙunci gare shi, ga yawan kwana, ga rashin gudu, don haka a bar shi a zuba kuɗi a sabon layi mai faɗi irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, ko na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, domin sabon ya fi sauri nesa ba kusa ba. Sai dai ana gina shi ne da bashi mai nauyi, kuma manyan birane yake haɗawa. Manomin Ƙauran Namoda da mai kifin Nguru ba gudu ne babbar buƙatarsu ba. Jirgi suke so mai araha, mai zuwa a ranar da aka ce zai zo. Hanyar tana nan, tashoshi suna nan, abin da ya rage shi ne gyaran gadoji da sayen kawuna da horar da makanikai. Da tsohuwar zuma ake magani. Masu kawo batun tsaro ma suna da hujja, musamman bayan harin 28 ga Maris 2022 a kan jirgin Kaduna, amma titin mota bai tsira daga ɓarayin daji ba, kuma ba a rufe shi ba.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon shiga harkar jirgin ƙasa. Ya kamata gwamnonin Kano da Jigawa da Yobe da Katsina da Zamfara su haɗa hannu da hukumar, su ware kuɗin gyara a kasafin kowace shekara, su dawo da jirgin fasinja a layukan Nguru da Ƙauran Namoda.