Lissafin Rabon Gurasa a Tsohuwar Masar

Shekaru 3,500 da suka wuce, mutanen Masar ba su da tsabar kuɗi. Da gurasa da hatsi ake biyan ma'aikata ladansu. Saboda haka idan magatakarda ya yi kuskure wajen rabo, wani ma'aikaci ne zai kwana da yunwa, shi da iyalinsa.

Wajen shekara ta 1550 kafin haihuwar Almasihu, wani magatakarda mai suna Ahmes ya kwafi littafin lissafi daga wani wanda ya girme shi da kamar shekara 300. Ya rubuta shi ne a kan takardar da ake yi da wata ciyawar bakin Kogin Nilu. Wani Bature, Henry Rhind, ya saye shi a Luksor a 1858, yanzu kuma mafi yawansa yana gidan kayan tarihi na Landan. Matsaloli fiye da 80 ne a ciki.

Ɗaya daga cikinsu ita ce raba gurasa 9 ga mutum 10. Amsar Ahmes ita ce kowa ya sami sulusi biyu, da humusi, da kashi ɗaya cikin 30. In aka haɗa su, kashi 9 cikin 10 ke nan daidai, kuma gutsuren kowa irin na ɗan'uwansa ne.

Wata matsalar kuwa tana neman adadin da ba a sani ba, wanda in an ƙara masa subu'insa zai zama 19. Dabarar ita ce a fara da zato. Ahmes ya ɗauki 7, domin subu'insa 1 ne, sai ya sami 8. Ya san ba amsar ke nan ba, amma ta nuna hanya: gwargwadon yadda za a riɓanya 8 ya kai 19, haka za a riɓanya 7. Nan ya sami 16 da rabi da sumuni.

Sunan aljabara bai zo ba sai wajen shekara ta 820 bayan haihuwar Almasihu, daga littafin da Alkawarizmi ya rubuta a Bagadaza, wanda babban sashensa lissafin gado da wasiyya ne. A Masar da Bagadaza duka bukatar ɗaya ce, watau a ba kowa rabonsa ba tare da an ƙware shi ba.