Daga Latin zuwa tulu: tarihin waƙar ɗaurin aure a cocin Katolika na Kano

A shekarar 1903, wadda Turawa suka ci Kano da yaƙi, Paparoma Pius na 10 ya fitar da doka kan kiɗan coci. Ya fifita waƙar Latin ta gargajiya, ya yarda da ogan, ya kuma hana ganga da fiyano. Da wannan dokar limaman mishan suka iso Sabon Gari, bayan jirgin ƙasa ya shigo Kano a 1911. Shekaru da dama ango da amarya na durƙusawa gaban fada, wato limamin coci, 'yan kwaya na rera abin da dangi ba sa jin ko kalma ɗaya a ciki.

Babban taron Vatican na biyu ne ya sauya lamarin. Takardarsa ta 4 ga Disamba 1963 ta bar wa ogan darajarsa, amma ta buɗe ƙofa ga harsunan mutane, ta ce a girmama kiɗan gargajiyar ƙasashen mishan. Sannu a hankali ganga ta shigo, caki ya biyo, sai tulu. Wanda ya taɓa ganin matan zumunta sun jeru da anko, ɗaya ta rungume tulu tana buga bakinsa, sauran na amshi suna rangaji har su raka amarya da baiko gaban bagadi, ya san abin da wannan takarda ta haifar.

Kano ta zama dayosis mai cin gashin kanta a 1999, ƙarƙashin Bishop Patrick Sheehan, sannan Bishop John Namaza Niyiring ya gaje shi a 2008. 'Yan Katolika da ke zaune a Gyadi-Gyadi da Tarauni, wajen Asibitin Malam Aminu Kano, 'yan tsiraru ne, kuma da yawansu sukan nufi babbar majami'ar Our Lady of Fatima ko wata coci idan aure ya taso. A can ake zama da shugaban kwaya a tsara waƙar shiga, Zabura, ta baiko, ta karɓar Jibi da ta fita. Idan auren ya faɗo a lokacin azumin coci, ba a rera Halleluya.

Abin da ke damuna shi ne yayin kiɗan da ake ji a finafinai. Misali, takin shigar amarya na mawaƙi Wagner daga wasan dandali na 1850 ya fito, ya kuma yi suna bayan auren 'yar Sarauniya Victoria a 1858. Ba don ibada aka tsara shi ba, shi ya sa limamai da yawa ba sa sonsa.

Masu shirin aure, ku je wurin fada da 'yan kwaya da wuri, ku zaɓi waƙoƙin da iyayenku za su iya amsawa da bakinsu.