Cakulan, Koren Shayi da Turmin Haɗejiya

Duk mai leƙa TikTok ko Instagram a 'yan shekarun nan ya ci karo da wani kayan zaƙi mai launi biyu: cikinsa baƙin cakulan, samansa koren gari kamar an barbaɗa kuka. Masu yin sa na cewa ya fi lafiya, don ba a gasa shi, kuma dabino ake sa masa a madadin sukari. Koren garin sunansa maca, wato ganyen shayin Japan da aka niƙa. Mu mutanen Haɗejiya, da ganin an dunƙula shi a tafin hannu sai dakuwa ta faɗo mana a rai. Kafin mu tura kuɗi Legas a aiko mana da gwangwanin maca, ya kamata mu san hanyar da shayi da koko da sukari suka biyo har suka iso bakin kogin nan.

Maca da shayin Buzaye ganyen itace ɗaya ne. A zamanin daular Song ta ƙasar Sin, daga 960 zuwa 1279, niƙa ganyen ake yi a kaɗa garin cikin ruwan zafi. A 1191 wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya koma gida Japan da irin shayi, daga baya ya rubuta littafi kan amfaninsa ga jiki. Ke nan tallan maca da sunan lafiya ya haura shekara 800. Manoman Uji, kusa da Kyoto, sukan yi wa itatuwan rumfa na 'yan makonni kafin tsinka, don ganyen ya ƙara kore, ɗacinsa ya ragu. Sannan a niƙa shi a dutse, a hankali, yadda aikin awa guda ba ya wuce giram 40. Nan tsadarsa ta samo asali. Da duniya ta yi masa rubdugu a 2024 da 2025, sai da wasu shagunan Japan suka ƙayyade abin da mutum ɗaya zai saya.

Namu koren shayin wata hanya ya biyo. Sinawa sun bar niƙa sun koma jiƙa ganye, wani nau'in kuma suna murza shi ƙwaya-ƙwaya. Shi 'yan kasuwar Ingila suka riƙa saukewa a tashoshin ruwan Maroko, ya game ƙasar a ƙarni na 19, ya hau raƙuma ya ratsa Sahara. Daga hannun Buzaye muka koyi 'yar buta kan gawayi da zagaye uku na shayi. Sai dai Bajapane ba ya zuba sukari a kofin maca, mu kuwa shayi da sukari tare suka yi mana sallama, har yau ba su rabu ba.

Shi kuma koko, na cakulan ba na gero ba, asalinsa nahiyar Amurka ne. Mutanen Aztek a Meziko da ɗacinsa suke shan sa, har da barkono. Sifaniyawa ne suka zuba masa sukari. A 1828 kamfanin Van Houten na Holan ya fito da hanyar matse mansa a samu gari, a 1847 kamfanin Fry na Ingila ya yi cakulan na tauna. A ƙarshen ƙarni na 19 itacen ya kama ƙasa a Afirka ta Yamma, yau Gana da Kwaddibuwa kaɗai ke noma kusan rabin kokon duniya ko fiye. A wurin masana tsirrai, koko da goro dangi ɗaya ne, kuma Hausawan da suka tafi Kurmi fataucin goro sun ga gonakinsa tun da wuri. Duk da haka, a gwangwanin Bournvita ya fi iso mana, bisa teburin mai shayi, an riga an cika shi da sukari.

To, kafin wannan duka, da me muke zaƙi? Da zuma, da rake, da takanɗa, da maɗin ɗinya, da goruba, da dabinon da ayari ke kawowa daga Azbin. Babu wanda yake samuwa a banza: zuma sai an hau itace, maɗi sai an wuni a gaban wuta. Shi ya sa zaƙi ya zama abin biki. Shinkafar fadama ake jiƙawa a daka, a soya garin, a haɗa da zuma da mai da kimba da citta, ta zama nakiya, a jera ta cikin garar amarya, ta yi watanni ba ta lalace ba. Aya ko gyaɗa a soya a kirɓa ta zama dakuwa. Riɗi ya zama kantu. Ba ɗayansu da ke shiga tanderu. Kasko da turmi da tafin hannu sun wadatar.

Turawa sun ci Haɗejiya da yaƙi a 1906, ranar da Sarki Muhammadu ya yi shahada. A 1930 layin dogo daga Kano ya isa Nguru, ya bi ta Malam Madori. Jirgin ya kwashi gyaɗa ya yi kudu, ya dawo da kayan kanti, cikinsu har da sukari. Sannu a hankali farin sukari ya fi zuma araha da sauƙin samu, ya shige nakiya da dakuwa da fura da koko, abin biki ya koma abin kullum. Ita ma fadamar ta sauya. Madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 sun rage ambaliyar da shinkafar gargajiya ta dogara a kanta, ciyawar kachala ta toshe magudanai da dama.

Yau kusan kowa ya san wani mai ciwon suga, a gida ko a maƙwabta. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wato kimanin giram 50, cokalin shayi 12 ga babba. Rabin hakan ya fi. Zuma ma tana cikin lissafin. Dabino ya fi farin sukari don yana tafe da ɓawonsa da namansa, amma shi ma zaƙi ne. Garin maca ba ya goge sukarin da ke ƙarƙashinsa, kuma yana da sinadarin da ke hana barci, irin na goro.

Wanda ke son gwadawa ba sai ya yi nisa ba. A cire ƙwallon dabino a kirɓa, a zuba soyayyen riɗi, wanda Jigawa ke cikin manyan masu noma shi, a ƙara garin koko tsantsa marar sukari, a dunƙula ƙanana. Mai halin sayen maca ya barbaɗa kaɗan. Wanda ba shi da hali, garin busasshen zogale ma kore ne, da ɗan ɗacin da ke tare zaƙi.

Abin da iyayenmu suka fi mu shi ne sanin lokacin zaƙi da gwargwadonsa. Nakiyar gara ba a gida ɗaya ake cinye ta ba. Rabawa ake yi, a aika wa gwaggo da inna da maƙwabta, kowa ya samu ɗan curi, sai kuma wani bikin.