Bambance tafasa da danginta ta hanyar awo

Tafasa tsiro ne na daji da ke fitowa da damina a bakin gonaki, kan hanyoyin shanu da fadamun Gulbin Rima, musamman a ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa na Jihar Sakkwato da kuma tsallaken iyaka a yankin Maradi. A bakin Gobirawa akan ji “tahwasa”, saboda yadda harafin f ke komawa hw a Hausar yamma. Ana dafa ganyenta a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli, kuma tana rufa wa gidaje asiri a tsakiyar damina kafin gero ya nuna.

Suna ɗaya, tsiro biyu

A 1753 Linnaeus ya bayyana tsirrai biyu masu kama da juna, Cassia tora da Cassia obtusifolia. Daga baya masana da dama suka ɗauke su abu ɗaya, shi ya sa tsofaffin littattafai ke kiran tafasa Cassia tora. A 1958 J. P. M. Brenan na lambun Kew a Ingila ya sake raba su, ya nuna cewa wadda ta yaɗu a Afirka ita ce obtusifolia. A 1982 Irwin da Barneby suka mayar da su cikin rukunin Senna.

Ido kaɗai ba ya raba su, domin kowace tana da ƙananan ganyaye shida, bibbiyu a jere, masu faɗin kai. Sai an sa rula. Tsinken da ke riƙe da furen Senna tora gajere ne, bai cika wuce santimita 1 ba, na obtusifolia kuwa yakan zarce haka, har ya kai santimita 3. A gefen kowace ƙwaya akwai wani zane: a tora faɗinsa milimita 1.5 zuwa 2 ne, a obtusifolia siriri ne, bai wuce rabin milimita ba. Wasu na ƙirga ’yan ƙullutun da ke tsakanin ganyaye, biyu a tora, ɗaya a obtusifolia. Wannan alamar ba ta da tabbas, don akan sami obtusifolia mai biyu. Awon ƙwaya ya fi, kuma busasshiyar ƙwaya ba ta sauya kama kamar ɗanyen ganye. Ana auna tsirrai da yawa daga wurare daban-daban, tunda na fadama kan fi na jigawa girma.

Rai ɗore

Inda kuskure ke da haɗari shi ne tsakanin tafasa da rai ɗore, wato Senna occidentalis, da ake kira sanga-sanga. Sukan fito wuri ɗaya. Ganyayen rai ɗore masu tsinin baki ne, yawanci takwas zuwa goma, ƙullutunsa kuma yana gindin tsinken ganye. Kwansonsa shafaffe ne mai faɗin milimita 7 zuwa 10, na tafasa kuwa siriri ne, dogo, mai lanƙwasa kamar lauje.

Ɗanyun ƙwayoyin rai ɗore na da guba da ke lalata tsoka da hanta a jikin dabbobi, kuma an danganta su da mutuwar yara a jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Ga masu tara irin tafasa don sayarwa ma akwai asara. Daga wannan irin ake fitar da garin da masana’antun abinci ke kaurara kaya da shi, mai lamba E427, kuma ƙa’idar Tarayyar Turai ita ce rai ɗore da ke cikin irin ya kasance ƙasa da kashi 0.05 cikin ɗari.