Ginin da Ya Nutse Bai Rushe Ba: Daga Ankara zuwa Rairayin Lome

Ranar 22 ga Yuni, 1939, jim kaɗan bayan magariba, girgizar ƙasa ta afka wa Accra, birnin da Hausawa ke kira Ankara. Mutum 17 suka rasu, 133 suka jikkata, kuma an ji motsin har ƙasar Togo. Masanin duwatsu N. R. Junner, wanda rahotonsa ya fito a 1941, ya lura cewa ɓarnar ta fi muni inda aka yi gini kan rairayi da laka a gefen tafki, ta kuma yi sauƙi inda harsashi ya zauna kan dutse.

Wannan lura ta shafi Lome kai tsaye. Tsohon birnin, har da Kodjoviakopé da ke manne da iyakar Aflao, yana kan zirin rairayi ne tsakanin teku da tafki. A nan Babbar Kasuwa take, a nan kuma zangon fatake Hausawa ya zauna kafin hukuma ta tashe shi zuwa arewacin gari a 1977. Jiƙaƙƙen rairayi, idan aka girgiza shi, yakan saki jiki ya koma kamar kunu. Sau da yawa gini ba ya faɗuwa, sai dai ya nutse ta gefe guda: bango lafiya lau, amma daɓe ya karkace, ƙofar kanti ta ƙi rufuwa.

A Ankara gwamnatin mulkin mallaka ta zaɓi sabon gini, ta kafa rukunin gidaje a Kaneshie da Korle Gonno domin waɗanda suka rasa muhalli. Ga mai kanti kuwa, a ganina, wannan ba magani ba ne, domin wurin zamansa rabin jarinsa ne; in ya tashi, masu ciniki ba lalle su bi shi ba.

Misalan miƙar da gini a inda yake sun zo ne daga nesa. Bayan girgizar Niigata ta ƙasar Japan a 1964, an tallabe wasu benaye da suka karkace da manyan jak, aka ci gaba da zama a cikinsu. Bayan ta Christchurch a Niyu Zilan a 2011, injiniyoyi sun riƙa huda daɓe suna ɗura kwaɓaɓɓen siminti da wani ƙaro mai kumbura a ƙarƙashin harsashi, kaɗan-kaɗan, suna awo da milimita har ginin ya daidaita. Ta haka aka ɗaga gidan adana zane-zane na birnin, aka sake buɗe shi a Disambar 2015.