Soke, Rushe ko Warware: Nazari kan Kalmomin Tsayar da Aikin Abu a Hausa

Gabatarwa

A Sheda, cikin yankin Kwali na Babban Birnin Tarayya, nan ne mazaunin Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya, wato NERDC, wadda aka kafa a 1988. A ƙarƙashin inuwarta aka wallafa ƙamus na keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa, wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, da na kalmomin majalisa cikin harsuna huɗu a 1991. Tun da daidaita kalmomi na cikin aikinta, maƙalar nan na jan hankalinta ga wani rukunin kalmomi da ke neman narkewa. A rediyo da jaridu yau, kusan komai sokewa ake yi: zaɓe, taro, aure, kwangila, tafiya. Alhali Hausa ta ware wa kowanne kalmarsa, kuma zaɓen kalmar na bayyana yadda aka samar da abin, da wanda ya tsayar da shi, da lokacin da ya daina aiki.

Kalma na bin yadda aka samar da abu

Bahaushe yakan kwance abu ta hanyar da aka bi aka yi shi. Abin da aka gina rushe shi ake yi, abin da aka ƙulla a warware, abin da aka rubuta a soke ko a shafe. Yawancin waɗannan aikatau na aji na huɗu ne a tsarin F. W. Parsons, ajin da ke ƙarewa da "e" yana nuna aiki ya kai maƙura: soka ta haifi soke, rusa ta haifi rushe, shafa ta haifi shafe. Dubi malami da jan biro: idan ya soke amsar ɗalibi, rubutun na nan ana iya karanta shi, ƙimarsa ce ta tafi. Idan ya shafe allo kuwa, ko alama babu.

Wannan ya sa "soke" ta dace da zaɓen 12 ga Yuni, 1993, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta ƙi bari ya tabbata. Ƙuri'un na nan a rubuce, jama'a sun san abin da suka jefa, ikon hukuma ne kawai ya ja layi a kai. A Kano kuwa, a Mayun 2024, abu biyu suka faru: majalisa ta soke dokar 2019, sai masarautun Bichi da Rano da Gaya da Ƙaraye da dokar ta kafa suka rushe. Doka rubutu ce, masarauta gini ce.

Wane ne mai aikin?

Sokewa sai mai iko: kotu, majalisa, hukuma. Fasawa kuwa ta mai niyya ce, kuma kafin aiki take zuwa. Mai sayen doya a bakin titin Lokoja idan ya taya, ya laluba aljihu, ya ce "na fasa", bai soke komai ba, domin ba a kai ga sallamawa ba. In an sallama an biya, sai dai a warware cinikin, kuma wannan na bukatar ɓangarori biyu. Janyewa ta wanda ya furta ce: mai ƙara ne ke janye ƙararsa, alƙali kuwa korar ta yake yi. A ibada ma babu mai sokewa. Alwala karyewa take yi ko ta warware, salla ta ɓaci, domin sharaɗi ne ya faɗi, ba wani ne ya yanke hukunci ba.

Tun yaushe abin ya daina aiki?

A nan ne sakaci ya fi cutarwa. Idan aka ce aure bai ɗauru ba, ana nufin tun farko babu shi. Idan aka ce alƙali ya raba aure, ko aure ya mutu, to an yarda ya rayu. Wanda ya haɗe su duka a "soke aure" ya rufe bambancin da haƙƙoƙi da yawa suka rataya a kansa. Haka nan dakatarwa na barin ƙofa a buɗe, sokewa na rufe ta. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da ƙarshen manufar 2022 ta koyar da 'yan firamare da harshen uwa. Uban da ya ji labarin a rediyo ya cancanci sanin ko dakatarwa ce ko sokewa, domin makomar karatun ɗansa na cikin kalmar.

Kammalawa

Wani zai ce harshe canzawa yake yi, kuma kalma ɗaya ta fi sauƙi ga mai fassarar da lokaci ya ƙure masa. Gaskiya ne, amma sauƙin nasa mai sauraro ne ke biyan kuɗinsa. Shawarata ga masanan Sheda ita ce, idan za a sabunta ƙamusoshin nan, kada a tsaya ga jera kalma kusa da takwararta ta Ingilishi. A je kotunan shari'a da kasuwanni da zaurukan malamai, a ji yadda ake faɗa, a rubuta kowace kalma tare da abin da take hawa kansa. Hausa ta riga ta yi rabon. Abin da ya rage shi ne a adana shi kafin ya shafe.